Rabon Aiki Tsakanin Iyaye da Malamai Kan Maganar Balaga

Uwa, kada ki jira sai jini ya zo. Tun yarinya tana shekara 9 ki zaunar da ita, ki nuna mata audugar mata, yadda ake manna ta a kamfai, a canza bayan awa 4 zuwa 6. Uba ya yi wa namiji bayanin mafarki da wankan janaba. Kunya ce ke sa a bar wa abokan banza wannan aiki.

Makarantar boko ta koyar da sassan jiki da cututtuka, Islamiyya kuma hukuncin haila.

In yaro ya ce an taɓa shi, ban da tsawa, ban da wanka. A kai shi cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin Gwamna Awan, Kakuri, Kaduna, cikin awa 72, don maganin kariya daga ƙanjamau.