Yadda na gyara gurzar giya a babur mai ƙafa huɗu

Babur ɗin gonarmu, mai ƙafa huɗu, ya daɗe yana ƙara "garrr" duk sanda na sa giya. Har na fara lissafin kuɗin buɗe injin. Ashe silo ne, wato gudun inji sanda ba a ba shi wuta ba, ya yi yawa: kulocin babur ɗin da gudun inji yake kamawa, to idan silo ya hau, haƙoran giya na juyawa tun kafin su haɗu.

Na bar injin ya yi zafi minti 10, cok (abin da ake ja don tada inji mai sanyi) a kashe, domin silon inji mai sanyi yaudara ne. Sai na sassauta sukurun silo na jikin kafireto kaɗan-kaɗan, har ya sauko wajen juyi 1,400 a minti. Da farko na zarce, injin ya mutu, na ɗan mayar da sukurun. Yanzu giyar na shiga shiru.