Yadda Ake Ƙara Ruwan Lagireto a Zafin Saudiyya

Daga watan Yuni zuwa Satumba, zafin rana a Makka da Madina da Riyad yakan haura digiri 45. Ga eyasi a kunne ba dare ba rana, ga cunkoson kusa da Harami, ga hawan dutsen Hada ga mai zuwa Ɗa'if. Duk nauyin nan a kan ruwan lagireto yake sauka. Ko direban gida ne kai, ko mai jigilar 'yan Umara tsakanin Jidda da Makka, wannan ɗan ruwa shi ne tsakaninka da sauke inji.

A fara da abin da za a zuba, domin nan aka fi yin kuskure. Ruwan famfo, da na wayit, wato tankar ruwa, da na gorar sha duk suna ɗauke da gishiri da ma'adinai. Idan suka sha zafi sai su bar farin ɓawo a cikin siraran bututun lagireto, kamar wanda ake gani a gindin butar shayi, hanya ta tsuke, tsatsa kuma ta kama famfon ruwa da cikin inji. Ruwan lagireto na gaskiya haɗi ne na sinadarin gilaikol da tataccen ruwa da maganin tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Haɗin rabi da rabi, a ƙarƙashin matsin murfi mai kyau, sai ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Masu cewa ai nan ba ƙasar ƙanƙara ba ce, don haka ruwan famfo ya isa, sun manta da wannan tazara, sun manta da tsatsa.

Karanta jikin galan kafin ka biya. Akwai wanda aka riga aka sirka, za ka ga 50/50 a jiki, shi zuba shi kawai ake yi. Akwai kuma tsantsa, wanda sai an haɗa shi da tataccen ruwa, lita ɗaya da lita ɗaya. Kada a zuba tsantsa shi kaɗai da tunanin ya fi ƙarfi, domin gilaikol bai kai ruwa ɗaukar zafi ba, inji zai ƙara zafi ne. In za ka sayi tataccen ruwa a banshar, wato shagon masu gyaran taya, ka tabbata ba asid ɗin batir aka miƙo maka ba.

Launi kuma ba ya isa shaida. Kore, ja, hoda, shuɗi, rini ne kamfanoni ke sa wa. Abin bi shi ne abin da littafin motarka ya ambata. Haɗa iri biyu da ba su jituwa yana kashe maganin tsatsar, wani lokaci ya bar dauɗa mai kauri da ke toshe hanya.

Sai aikin kansa. Ajiye mota a wuri mai daidai, a inuwa, ka kashe ta. Lokacin da ya fi shi ne da asuba kafin a tayar da ita. Idan ta yi tafiya, ba ta aƙalla awa ɗaya, da rani ma fiye. Matsa babban tiyon sama da hannu: in yana da zafi ko ya yi tauri, akwai sauran matsi, ka dakata. Buɗe murfi a kan zafi yana watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu, kuma ƙunar ba ƙarama ba ce.

Duba robar ajiyar ruwa da ke gefen inji, wadda makanikan nan ke kira girba. Tana da layi biyu, na ƙasa da na sama. Idan ruwan yana tsakaninsu, ba abin ƙarawa. Idan ya sauka, zuba ta mazurari har ya kai layin sama, ka tsaya nan. Sararin da ya rage ba banza aka bar shi ba, ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Ka lura kada ka rikita ta da robar ruwan wanke gilashi ko ta man birki.

In ka tarar da girba ta bushe ƙaf, to a duba lagireton ma. Ɗora tsumma a kan murfin, murɗa shi kaɗan ya fitar da iska, sannan ka danna ka cire. Zuba a hankali har ruwa ya kawo wuya. Motocin Turai da yawa ba su da murfi a kan lagireto, girbar ce ke riƙe matsi, ta nan ake zuba komai, kuma ita ma ba a buɗe ta da zafi.

Idan abin da ya shiga ya kai lita ɗaya ko fiye, akwai yiwuwar iska ta maƙale a ciki, kuma iska tana hana ruwa zagayawa. Bar murfin lagireto a buɗe, tayar da inji, kashe eyasi, ka juya hita zuwa ƙarshen zafi. Za ka ga kumfa na tasowa. Da tamostat, wato 'yar ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ta buɗe, a yawancin motoci tsakanin digiri 80 da 90, ruwan zai nutse, sai ka ƙara. Kumfa ta tsaya, ka rufe da kyau, ka jira fanka ta kama ta tsaya. Hannu da gefen riga su yi nesa da ita, tana tashi ba sallama. Washegari da safe a sake duba girba. Ƙaramar mota tana ɗaukar lita biyar zuwa bakwai gaba ɗaya, manyan jif sun haura goma.

Abin da ya kamata a riƙe: hanyar ruwan lagireto a rufe take, ruwanta ba ya ƙarewa kamar fetur. Motar da ake ƙara wa kowane mako tana yoyo. A duba bakin tiyo da maɗaurinsa, da gefen lagireto inda roba ta haɗu da alminiyom, da ƙasan famfon ruwa. Busasshen tabo fari ko hoda shi ne alama. Murfi ma yakan gaji, robarsa ta tsage, matsi ya tsere, ruwa ya tafasa da wuri. Yana da arha, amma a sayi mai lamba ɗaya da tsohon, 0.9 ko 1.1, tana rubuce a kansa. Idan ba a ga yoyo a waje ba, amma salansa na farin hayaƙi mai ɗan ƙamshin zaƙi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko kumfa ta ƙi tsayawa a lagireto, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Wannan aikin warsha ne, wato garejin makanikai, ƙarin ruwa ba ya maganinsa.

Wasu makanikai a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, sukan ce a cire tamostat saboda zafin ƙasar. Kada ka yarda. Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ainihin matsalar kuma tana nan. In ta lalace a canja ta. Abin da ya fi taimako shi ne wanke ƙurar da ta toshe fuskar lagireto da ta kwandensan eyasi da ruwa mara ƙarfi, musamman bayan guguwar yashi.

Idan allurar zafin inji ta hau ja kana tsakiyar hanyar Madina, kashe eyasi, buɗe hita, nemi gefe ka tsaya ka kashe inji. Kada ka kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kansa yana iya tsagewa. Bayan ya huce, ruwan gora zai iya kai ka gari, amma da isa a zubar a sa na gaskiya.

Koren ruwa irin na da ana canja shi duk shekara biyu. Mai launin hoda na Toyota mai dogon zango yana kai kilomita 160,000 a karon farko, daga nan duk 80,000. Tsohon ruwan da aka zubar, da ragowar galan, a rufe su nesa da yara da kyanwa, domin yana da zaƙi a baki kuma guba ne mai kashe ƙoda.