Yadda za a raba yaro da "sai gobe", mu iyaye ma mu rabu da namu

"Yaron nan ragwanci ne ke damunsa." Maganar da na fi ji ke nan daga bakin iyaye, musamman idan cikon fom na JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ya ƙarato. Ina koyar da ajin matasa a majami'armu a nan Gombe, ina kuma da nawa a gida, kuma a ganina ragwaye na gaske ba su da yawa. Yaron da ke buga ƙwallo cikin zafin watan Maris har faɗuwar rana, ko yarinyar da ke tsayuwa a gwajin waƙa har muryarta ta dushe, ba ƙarfi suka rasa ba. Abu ɗaya suke kewayewa, shi ne wanda ke sa gabansu faɗuwa. A Matiyu sura 25, bawan nan da ya binne kuɗin ubangidansa ya faɗi dalilinsa da bakinsa: tsoro ya ji. Ubangidan ya kira shi malalaci, haka ne, amma daga tsoro lalacin ya tsiro. Shi ya sa faɗa ba ya maganin jan ƙafa. Faɗa tsoro yake ƙarawa.

To, a fara da gano abin da ake tsoro. Kada ku ce "me ya sa har yanzu ba ka yi ba?", don amsar wannan tambaya ƙarya ce ko shiru. Ku ce, "Ɗana, a cikin abin nan wane wuri ne ya fi ba ka wuya?" Kada a yi tambayar a gaban ƙannensa, kada kuma a yi ta lokacin addu'ar safe ta iyali, inda kowa ya zuba masa ido. Ku yi ta hannu na aiki, ana ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, ko a hanyar kasuwa. Matashi ya fi buɗe baki idan ba a kallon fuskarsa. Idan ya fara magana, ku riƙe wa'azinku tukuna. Abin da za ku ji sau da yawa ƙarami ne har ya ba ku mamaki: "Mama, ni ban taɓa taɓa kwamfuta ba." "In na faɗi, Baba zai ce na ƙona masa kuɗi." "Sunan da ke katina ba daidai yake da na makaranta ba, na ji tsoron faɗa."

Bari in tsaya a kan JAMB, domin nan ne tsoro ya fi cin yaranmu, kuma yawancinsa rashin sani ne. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, maki 400 duka. In aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40. Yaron da ya taso a ƙauyen Kaltungo ko Balanga yana jin "kwamfuta" sai ya ɗauka sai ya iya buga rubutu da sauri. Alhali A, B, C ko D zai danna ya zaɓi amsa, N ya wuce gaba, P ya koma baya. Ku kai shi shagon kwamfuta a unguwa, ku biya kuɗin awa ɗaya, ya zauna ya gwada tsofaffin tambayoyi. In da hali a yi masa rajistar jarrabawar gwaji da hukumar kan shirya kafin ta ainihi. Rabin fargabar takan tafi daga zaman farko.

Tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. A nan ne jinkiri ke yin ɓarna mai tsada. Ku ɗauko takardar NIN, da takardar haihuwa, da sunan da makaranta ta tura wa WAEC ko NECO, ku jera su a tabarma, ku duba harafi bayan harafi. Sunayenmu na gida sukan sha wahala a hannun masu bugawa, wani lokaci a sa sunan baftisma a gaba a wata takarda, a wata kuma a baya, ko ranar haihuwa ta bambanta. Gyara yana cin lokaci, don haka tun hutun Kirsimeti ake wannan aiki, ba makon da za a rufe rajista ba. Layin wayar da aka yi rajista da shi kuma a adana shi da kyau, kada a yi da na maƙwabci ko na mai shago, domin za a ci gaba da buƙatarsa har lokacin neman gurbi a Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko duk inda yaron ya zaɓa.

Bayan an san tsoron, sai a yanka aikin ya zama ƙarami. "Je ka yi karatu" ba umarni ba ne da yaro zai iya kamawa, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Amma "yau bayan tuwon dare za ka yi tambayoyi goma na lissafi, ka kawo mu duba tare" yana da baki. Kowane aiki a sa masa rana da sa'a da wuri, a rubuta a kalandar da ke bango inda kowa ke gani. Idan goma ta yi yawa a mayar biyar. Ni nakan ce wa 'yan ajina su yi alkawarin minti goma kawai, in sun cika suna iya tashi. Yawanci ba sa tashi, don farawar ce ke da nauyi.

Ku zauna kusa da shi. Ko ba ku yi boko mai nisa ba, zamanku da Littafi Mai Tsarki ko lissafin cinikinku a gefensa yana da amfani. Waya kuwa a kai ta wani ɗaki, tasa da taku duka. Ba adalci ba ne a ƙwace ta yaro uwa tana kallon Facebook a gabansa. Wuta ma kada ta zama hujja: a yi cajin fitila da rana, ko a mayar da karatun da asuba, kafin gari ya yi zafi.

Akwai wata magana da nake so mu yi hankali da ita, mu masu bi. "Ina addu'a a kai." "Lokacin Allah bai yi ba." Kalmomi ne masu kyau, amma mukan ɓuya a bayansu. A zamanin annabi Haggai mutane cewa suke lokacin gina Haikali bai yi ba, alhali sun gama gyara nasu gidajen, Ubangiji kuwa bai karɓi wannan uzuri ba. Ku karanta wa yaranku Nehemiya sura 2. Da sarki ya tambaye shi me ke damunsa, Littafi ya ce ya ji tsoro ƙwarai. Ya yi addu'a ga Allah na Sama a tsaye a wurin, ya buɗe baki ya amsa. Ya roƙi wasiƙu, ya roƙi katako, ya kuma yanka wa sarki lokacin da zai dawo. Tsoron bai tafi ba kafin ya yi magana. Haka za mu koya musu: a durƙusa a faɗa wa Ubangiji tsoron da sunansa, a tashi a buɗe littafin a zaman nan. Mai Hadishi 11:4 ya ce mai lura da iska ba zai yi shuka ba, kuma duk wanda ya yi noma a ƙasar Tangale ya san manomin da ke jiran ruwan da ba shakka a cikinsa, har maƙwabtansa su yi noman farko shi iri na cikin buhu.

Yanzu namu. Mu ma muna da abubuwan da muke turawa gobe, kuma yara suna gani. Hirar saurayi da budurwa, da abin da ke faruwa a jikin yarinya in ta girma, muna barin ta har wani a waje ya riga mu. Hirar ƙwaya ma haka. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramadol da sauran tarkace ba su bar unguwanninmu ba, ga cacar ƙwallo a cikin waya. Kunya ce ke riƙe mu, da tsoron abin da za mu ji. Maganin ɗaya ne da na yaran: a sa rana, a shirya jimlar farko tun kafin a zauna. "'Yata, akwai maganar da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji a waje." In ta fita, sauran za su biyo.

Gwajin jini na sikila yana cikin abin da na fi roƙon iyaye a kai. Idan mai jinin AS, wato wanda ke ɗauke da sikila ba tare da yana ciwon ba, ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai SS, wato mai ciwon sikila. Majami'u da yawa suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, amma a lokacin zukata sun riga sun ɗauru, dangi sun san juna, an sa rana. Hawayen da ake zubarwa a ofishin fasto a irin wannan lokaci ba na so wani ɗa ya zubar. Ku kai su a gwada tun suna sakandare, kowa ya san nasa kafin ya fara son wani.

Wani tsoron namu kuma yana da tushe. Mu da muke garin nan lokacin da bam ya tashi a tashar Dukku a Disamba 2014, da na kasuwa a Yuli 2015, ba mu manta ba. Wasunmu har yau gabansu na faɗuwa in yaro ya ce zai tafi karatu wata jiha. Hattara wajibi ce: a san hanya, a yi tafiyar rana, a haɗa shi da wata ikkilisiya ko zumuntar ɗalibai a can. Amma kada fargabarmu ta zama dalilin da takardar shiga makaranta za ta kwana a akwati har wa'adi ya wuce.

Ku kuma iyaye maza, Kolosiyawa 3:21 da ku take magana: kada a matsa wa 'ya'ya har su karaya. Tun kafin sakamako ya fito, ku faɗa wa yaron da bakinku cewa in bai ci ba gidan nan gidansa ne, za a sake zama a sake shiri. Yaran da suka ji wannan daga bakin uba sun fi zama su yi karatu.

Kai ɗana, ke 'yata, ga naku. Timoti matashi ne lokacin da Bulus ya tuna masa cewa Allah bai ba mu ruhun tsoro ba, sai na iko da ƙauna da kamunkai. Ka zaɓi abu ɗaya da ka fi gudu, ka faɗa wa babba ɗaya da ka yarda da shi, ko Mama, ko malamin makarantar Lahadi, ko shugaban zumuntar ɗalibai Kirista (FCS) ta makarantarku, ka ce masa ya tambaye ka ranar Lahadi ko ka yi. In ka ɓata kuɗin rajista, ko ka ɓoye sakamako, faɗa yau ya fi sauƙi a kan faɗa a watan gobe.

Sai dai ba kowane tsoro ne ke warkewa da kalanda da hira ba. Idan yaro ya daina barci ko cin abinci na makonni, ya janye daga abokai da sujada, yana kuka ba dalili, ko ya fara cewa gara ma ya mutu, kada a ce iskanci ne, kada kuma a tsaya ga azumi kaɗai. A yi addu'a, a sanar da fasto, a kuma kai shi wurin likita, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko babban asibitin da ya fi kusa. In har ya ambaci kashe kansa, a ranar za a tafi, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kwashe maganin ƙwari da na feshin gona daga inda hannunsa zai kai.