Yadda zaka kare gonar sitiroberi daga cuta da ƙwari, tun daga dashe har kaya su isa Abuja

Duk wanda ya taɓa bi ta Chaha, can wajen Vom a Jos ta Kudu, lokacin hunturu ya san yadda sitiroberi ya zama kuɗi a yankin nan namu. Sanyin Filato ne ya bamu wannan, Jos na kan tudu wajen mita 1,200, shi yasa abin da zafi baya bari a noma a wasu garuruwan mu muke nomawa. To amma fa shukar nan 'yar gata ce wallahi, bata jure wulaƙanci ko kaɗan, kwana uku ka ɗauke ido daga gona sai ka dawo ka tarar da abin da zai sa ka riƙe kai. Kuma abin da na lura da shi shine yawancinmu da mun ga ganye ya canja kala sai mu ruga shagon magani, mai shago ya miƙo kwalba, mu fesa, bamu ma san me muke kashewa ba. Ni ma na yi hakan, na kuma ji a jikina, shi yasa zan fara da abubuwan da basa buƙatar kwalba.

Farko dai iri. Rabin cutar da zata dame ka a Janairu da kuɗinka ka sayo ta tun lokacin dashe. Tunda da yaɗo muke shuka sitiroberi, duk ciwon da uwar take da shi 'ya'yan sun gada. Kar ka yarda a kawo maka iri a buhu baka ga gonar da aka ciro shi ba, ka je da ƙafarka ka duba. Ka ciri guda biyar ko shida daga wurare daban-daban, ka sa wuƙa ka tsaga gindin gida biyu, wato wannan dunƙulen da ke tsakanin saiwa da ganye. In cikinsa fari ne tas to alhamdulillahi. In ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa shayi, malam ka gode musu ka kama hanya, ruɓewar gindi ce kuma ba maganin da zai dawo da ita. Ka duba jikin yaɗon da sandar ganye ma, in akwai baƙin tabo mai ɗan lotsawa to wata fumfuna ce mai suna antiraknos, ita kuma da damina take bazuwa saboda ruwan sama na fantsamar da ita daga shuka zuwa shuka, daidai lokacin da ake renon iri kenan. Wanda ganyensa ya ƙanƙance ya murɗe da ɗigon rawaya shima a bar shi, mai yiwuwa bairos ne.

Sai ƙasar. Nan ne mu 'yan Filato muke da matsala ta musamman, domin kusan kowane fili an taɓa sa masa dankalin turawa ko tumatir ko attaruhu ko tattasai ko yalo. Akwai wata fumfunar ƙasa, batisiliyom, da take kama duk waɗannan kuma tana kama sitiroberi, tana iya zama cikin ƙasa shekaru tana jira. Zaka ga shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, tsofaffin ganyen waje su bushe, na tsakiya su tsaya cak. In da hali ka nemi filin da aka yi masara ko acca ko dawa, wanda ya yi shekara 3 zuwa 4 bai ga dangin tumatir ba. Nasan ba kowa ke da filin zaɓe ba, wani haya ma yake yi, amma aƙalla ka tambayi mai filin me aka cire bara.

Kunya ka ɗaga ta sosai, santimita 25 zuwa 30, don kar ruwa ya kwanta a saiwa. Tsakanin shuka da shuka ka bar kamar santimita 30, kar kwaɗayin yawa ya sa ka cusa su, in iska bata ratsawa ganye baya bushewa. Wajen dasawa gindin nan ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, in ka binne shi zai ruɓe, in ka bar shi a sama saiwa ta bushe. Takin kaji sai wanda ya ruɓe ya huce. Yuriya kuma a yi hankali da ita, in ta yi yawa ganye zai yi duhu ya yi kyau a ido kana ta murna, 'ya'yan kuma su fito da taushi, ga darɓa ta samu wurin zama.

Yanzu maganar ruwa, wadda ni a ganina ita ce uwa uba. Shekarata ta farko ina jawo ruwa da inji daga wani tsohon kududdufin kuza, in riƙe tiyo in yi ta watsawa ta sama kamar mai wankin mota, kuma da yamma nake yi bayan la'asar saboda lokacin nake samun sarari. Ashe kashe kaina nake. Ganye da fure su kwana a jiƙe, ga sanyin dare, ga raɓar asuba ta ƙara, kafin rana ta busar da su an yi awa goma sha. Wani dattijo maƙwabcin gonata ne ya tsaya yana kallona wata rana yace "ɗana, kai ganye kake shayarwa ko saiwa?" Na yi dariya a lokacin, bayan sati biyu na daina dariya. Ban ruwa da safe ake yi, kuma a gindi. In kana da ƙarfin sayen tiyon ɗigo ka saya, kuɗinsa zai fito daga abin da baka zubar ba. In babu, ka cire kan bokitin ban ruwan ka zuba a hankali a ƙasa.

Kuma ka shimfiɗa wani abu a kan kunya don kar 'ya'yan su kwanta a ƙasa. Busasshen karan acca yana yi sosai, ko busasshiyar ciyawa marar iri, ko baƙar leda ga mai hali. Sai dai ciyawa na jawo gara, ka riƙa ɗagawa kana leƙawa.

Abin da ya cinye min gona waccan shekarar ita ce fumfuna mai ruwan toka, botiraitis. Mugun halinta shine tun a fure take shiga, ta yi lamo, baka ganin komai, sai ɗan ya fara nuna sannan ka ga wani tabo mai laushi ruwan ƙasa, yawanci ta wajen hular nan kore da ke kansa. Kwana ɗaya biyu sai gashi-gashi mai launin toka ya rufe shi, in ka taɓa ka ga ƙura ta tashi, to wannan ƙurar ita ce irin cutar, iska ta kwashe ta kai wa na kusa. Tana son sanyi-sanyi da laima, wajen digiri 15 zuwa 22, wato dai irin yanayinmu sak. Abin da nake yi yanzu, duk ranar tsinka da bokiti biyu ake shiga, ɗaya na kaya ɗaya na ruɓaɓɓu da matattun ganye, kuma wanda ya taɓa ruɓaɓɓe baya komawa ya taɓa mai kyau sai ya wanke hannu, in da yara masu taya ka aiki ma gara ka ware mutum ɗaya aikinsa kenan. Kar a jefar a tsakanin kunya dan Allah, wannan ɗabi'ar ce ta fi komai yawa a gonakinmu, a fita da su a haƙa rami a binne. In zaka yi feshi saboda ita, lokacin fure ne yake da amfani, in ka bari sai ka ga toka a jikin 'ya'ya to ka makara, wanda ya kamu ya kamu. Ana amfani da wani maganin fumfuna mai suna kaftan, akwai wasu ma, amma kar ka liƙe wa magani ɗaya tun farkon kaka har ƙarshe domin wannan fumfunar tana saurin sabawa da magani, ka riƙa canjawa, kuma canjin ya zama na sinadarin da ke ciki, saboda sau da yawa suna ne kawai ya bambanta a jikin kwalba abin ciki ɗaya ne.

In ka ga gefen ganye ya naɗe sama kamar cokali, ka juya bayansa ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, daga baya ya koma ja-ja ko shuɗi-shuɗi, wannan farar fumfuna ce. Ita bata ma buƙatar ruwan sama, laimar dare da bushewar rana sun ishe ta. Maganin farar wuta yana yi mata, sai dai kar ka fesa shi in zafi ya kai digiri 30, zai ƙona ganye, kuma kar ka haɗa shi da wani magani mai mai ko ka bi shi da shi kusa-kusa. Ɗigon nan kuwa mai jan baki da farin tsakiya a kan tsofaffin ganye, in bai yi yawa ba ka cire ganyen kawai ka wuce.

Sai jan gizo-gizo, wanda shi da bazara yake zuwa, daga Fabrairu zuwa Maris in zafi ya fara ga ƙura. Ƙanana ne sosai da ƙyar ido ke gani, a bayan ganye suke zama suna tsotsa, saman ganyen sai ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar an tsattsaga da allura, daga nan ya koma kalar tagulla, in abin ya yi nisa har yana zaka gani. Ga yadda ake gane su: ka sa farar takarda a ƙarƙashin ganye ka kaɗa, in ka ga ƙura tana tafiya to su ne. Ka fara dubawa daga layin da ke bakin hanya inda babura ke tada ƙura, nan suke fara sauka. In zafi ya yi, sati ɗaya zuwa biyu ya ishe su daga ƙwai su zama manya su fara nasu ƙwan, shi yasa suke cika gona kamar wasa.

Kuskuren da na yi da su shine na fesa saifametirin, irin wanda muke yi wa wake. Na ga kamar sun ragu kwana biyu, bayan kwana goma suka dawo ninki. Dalili kuwa shi gizo-gizo ba ƙwaro bane irin wanda wannan maganin ke kashewa da kyau, abin da ya kashe sune ƙananan halittun da ke cinye su, na share musu fili da kuɗina. Abin da ake nema shine maganin da aka yi dominsu, kamar abamektin, kuma bakin famfon ya kalli sama ya jiƙa bayan ganye, in ka fesa ta sama kawai wanka ka yi musu. Baya kashe ƙwai sosai, don haka sai an maimaita bayan kamar sati ɗaya yadda takardar jikin kwalbar ta ce. Yayyafa ruwa a hanyoyin cikin gona don kwantar da ƙura shima yana taimakawa, haka ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa ya kwana aka tace, in an fara da wuri.

Darɓa zaka ganta a sabon toho, sau da yawa tururuwa ce zata nuna maka inda take, kuma haɗarinta ɗaukar bairos daga shuka zuwa shuka. Tirips kuma, wasu ƙananan ƙwari, cikin fure suke, ka hura iska a furen zaka ga wasu siraran abubuwa suna gudu, su ne ke sa ɗan ya fito da kalar tagulla ba sheƙi, 'yan kasuwa su ƙi shi. Katin gam mai ruwan ɗorawa na kama darɓa mai fiffike, shuɗi na kama tirips, ka rataya kaɗan don ka san ranar da suka iso. Tsuntsaye raga ce maganinsu, mutum-mutumi kwana uku suke gane shi. Ɓera tarko, dodon koɗi kuma a bi da tocila da dare a tsince.

Wata magana da bazan tsallake ba. Sitiroberi ɗanye ake ci, ba a ɓare shi, yara ne ma suka fi cinsa. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za'a jira tsakanin feshi da tsinka, yana rubuce a jikin kwalba, in baka iya karantawa ba ka ba wani ya karanta maka, ba abin kunya bane. Ka tsinke duk wanda ya nuna tukuna sannan ka fesa. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka guji wanda aka ɗura a gorar ruwa ba suna. Fiya-fiya kam ko kusa da gonar kar ta zo, mu ji tsoron Allah. Maganin ƙwari da yamma lis ake fesawa bayan ƙudan zuma sun koma, domin su ne ke sa ɗan ya cika ya yi siffa mai kyau, in babu su zaka yi ta samun karkatattu. Kai ma ka rufe hanci da hannu, kar ka sa yaro ya goya famfo.

Tsinka da safe, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, jiƙaƙƙen kaya baya kai ko'ina. A tsinko da hularsa da ɗan guntun sanda, a sa kai tsaye cikin robar da za'a sayar, kar a yi ta juye-juye, kar kuma a wanke. Ka sani baya ƙara zaƙi bayan an cire shi, don haka na Abuja ka bari ja ya rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu. Daga nan inuwa, in akwai firji a sa, kusa da digiri 0 zuwa 2 ya fi so amma kar ya daskare. Hanyar Akwanga da Keffi zafi ne da zarar an gangaro daga tudu, shi yasa nake loda nawa da asuba, kuma kafin a rufe kowace roba sai na ɗaga ta na leƙa ƙasanta, in guda ɗaya mai tabo ya shige ciki kafin a kai Maitama ya shafa wa na kusa da shi, mai saye kuma hoton robar zai turo maka yace a rage kuɗi.