Darasi na 9: Rage Ƙiba, Tsakanin Ido da Ma'auni

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan darasi za mu ga inda kimar ido ta isa wajen rage ƙiba, da inda dole sai an ɗauko ma'auni.

Abin da hankali ya riga ya sani

Kowa ya san wanda yake ci da yawa ba ya motsi, jikinsa zai yi nauyi. Ba sai an je makaranta ba. Kimiyya ma ba ta musa wannan ba. Abinci yana ba jiki ƙarfi, kuma ana auna ƙarfin da ma'aunin da ake kira kalori. Abin da jiki bai yi amfani da shi ba, sai ya adana shi ya zama kitse.

Hankali ya kuma san cewa teɓar da ta taru cikin shekara goma ba za ta tafi cikin kwana goma ba. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi zai tsare ku daga masu tallan magani.

Inda ido yake yaudara

Matsalar ido ita ce girman abu yake gani. Ba ya ganin ƙarfin da ke ciki. Giram 1 na sukari yana da kalori 4. Giram 1 na mai yana da kalori 9, wato fiye da ninki biyu. Babban cokali ɗaya na man girki ya kai kalori 120, amma idan ya shige cikin abinci ba wanda zai gan shi. Kafin mutum ya ƙona wannan cokali ɗaya, sai ya yi tafiyar kusan rabin awa.

Abin sha ya fi kowane abu ɓoye sukari. Gwangwanin lemo mai zaƙi yana ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi 9. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa zai fi kyau babban mutum ya tsaya a kusan giram 25 a rana, wato cokalin shayi 6. Kun ga gwangwani ɗaya ya riga ya haye wannan iyaka, kuma mai shan sa ba ya jin ya ci komai. Sau da yawa za ku ji mutum yana rantsuwa cewa shi ba ya cin abinci, amma jikinsa sai ƙaruwa yake. Ba ƙarya yake yi ba. Faranti kawai ya ƙirga, ya manta da kofi da kwalba da ɗan abin da ake jefawa baki ana tafiya.

Sikeli ma yana da tasa yaudarar. Wanda ya yanke abinci ƙwarai zai iya ganin ya ragu da kilo 2 a makon farko, ya yi murna. Mafi yawan abin da ya tafi ruwa ne. Jiki yana ajiye wani irin sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan ajiyar ta ƙare, ruwan sai ya fita. Ranar da aka koma ci, ya dawo.

Haka zufa take. Mutum ya naɗe ciki da leda ko ya sa kaya masu kauri don ya yi gumi, ruwa kawai ya zubar. Kitse ba ya narkewa ya fito ta fata. Idan jiki ya ƙona kitse, mafi yawansa ta numfashi yake fita, a cikin iskar da huhu ke fitarwa, ragowar kuma ya zama ruwa. Motsa jikin da ake yi wa ciki kaɗai ma ba ya ɗauke tumbi, domin jiki yana ɗibar kitse daga ko'ina ne.

Yunwa ba rashin haƙuri ba ce

Wannan sashe ina so a karanta shi sau biyu, saboda an cuci masu ƙiba da gori. A 1994 masana a Amurka suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki yake fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Idan kitse ya ragu, leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yunwa, jiki kuma ya rage ƙona ƙarfi. Shi ya sa wanda ya horar da kansa da yunwa yakan koma ya ci fiye da da. Jikinsa ne yake kare kansa. Dabara ita ce a rage kaɗan, a cika ciki da ganye da kayan lambu da wake da ƙwai ko kifi, waɗanda suke riƙe mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar.

Kuma ba sai an rame ba kafin a ga amfani. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. An nemi wasu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba.

Idan an yi wa ƙarya ado da kimiyya

Mai talla ya san mutane suna girmama likita, don haka yakan cika kwalin magani da manyan kalmomi. A nan hankalinku ne zai yi aiki. Yawancin shayin rage tumbi gudawa yake sa mutum, ya zubar da ruwan jikinsa. An sha kama wasu magungunan da aka ce na ganye ne zalla, ashe an zuba musu sibutramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mace mai juna biyu ko mai shayarwa, kada ɗayansu ya sauya cimarsa sosai sai ya ga ma'aikacin lafiya.

Gwajin igiya

Wannan ba ya bukatar sikeli. Ku samu igiya, ku auna tsawonku daga kai zuwa diddige, ku yanke. Ku ninka ta biyu. Ku zagaya ta a ƙugu, sama da cibiya kaɗan, ba tare da kun shanye ciki ba. Idan bakin igiyar ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne ya fi jawo ciwon suga da na zuciya. Gwajin na manya ne, ban da mai ciki.

Aikin aji

1. Mutum yana shan shayi kofi 3 a rana, kowane kofi da sukari cokali 3. Cokali nawa ke nan? Da nawa ya wuce 6?
2. Idan an raba minti 150 a kwana 5, minti nawa ne kowace rana?
3. Ku rubuta jimla biyu kan dalilin da ya sa zufa ba ta rage kitse.

Aikin gida

Ku ware shafi ɗaya a littafinku, ku ja layi bakwai, kowane layi da sunan rana. Duk cokalin sukari da kuka zuba ku yi masa zane ɗaya, duk gwangwanin lemo ku yi masa zane tara. Kada ku rage komai a wannan makon, ku dai rubuta. Ku zo da shafin da igiyarku ranar darasi na gaba.