Darasi na 9: Mulkin Sama da Mulkin Allah

Kayan aikin yau: Littafi Mai Tsarki, littafin rubutu, fensir, da tsinken tsintsiya uku na sa alama a shafi. Wanda bai zo da littafi ba ya matsa kusa da mai shi.

Yadda ake neman aya

Kowa ya kwafi wannan a littafin rubutunsa:

Matiyu 13:31

Abu uku ne a nan. Matiyu sunan littafi ne. Lambar da ta zo kafin ɗigo biyu ita ce sura. Wadda ta zo bayansu ita ce aya. Ga yadda ake karantawa: Matiyu sura goma sha uku, aya talatin da ɗaya. A cikin shafi lambar sura babba ce, ta aya kuwa 'yar mitsitsiya ce, sai an zura ido. Mai raunin gani ya koma bakin taga, ba abin kunya ba ne.

Sabon Alkawari yana wajen ƙarshen littafin, kuma littattafai 27 ne a cikinsa. Huɗun farko su ne Matiyu mai sura 28, Markus mai 16, Luka mai 24, da Yahaya mai 21. Idan wani ya ce ka buɗe Markus sura 20, ka san ya yi kuskure. Wanda yake riƙe da tsohuwar fassarar 1932 zai ga Matta da Yohanna a inda fassarar 1979 ta sa Matiyu da Yahaya. Littattafan ɗaya ne.

Waɗannan lambobi ba marubutan ne suka sa su ba. Wani babban limamin coci a Ingila, Stephen Langton, shi aka sani da raba surori a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya fito da su a 1551. An yi su ne don sauƙin nema. Saboda haka kada ka tsinke aya guda ka tafi da ita. Ka duba abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta.

Aiki na farko

A sa tsinke a waɗannan wurare uku: Matiyu 13:31-32, Markus 4:30-32, Luka 13:18-19. Mutum uku su tashi su karanta, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Kada malami ya karanta musu. Idan mai karatu ya cije, a ba shi lokaci ya haɗa baƙin da kansa.

Labari ɗaya ne aka faɗa sau uku. Yesu ya ba da misalin ƙwayar mastad, 'yar ƙanƙanuwa, wadda aka shuka ta girma har tsuntsaye suka sami wurin sauka. Amma da me aka kwatanta ta? Matiyu ya ce Mulkin Sama. Markus da Luka suka ce Mulkin Allah.

Yanzu a buɗe Matiyu 19:23-24. A aya 23 Yesu ya ce da wuya mai arziki ya shiga Mulkin Sama. A aya 24, bai ko huta ba, ya ce ya fi sauƙi raƙumi ya bi ta kafar allura da mai arziki ya shiga Mulkin Allah. Mai magana ɗaya, zance ɗaya, suna biyu. Wannan ya sa yawancin masu fassara suka ce abu ɗaya ake nufi.

A nan akwai wani labari da akan ji a wa'azi, wai akwai wata 'yar ƙofa a Urushalima mai suna Kafar Allura, inda raƙumi yakan durƙusa ya wuce. Labarin yana da daɗin ji, amma ayar ba ta ambaci ƙofa ba. Karanta aya 25 da 26. Almajiran sun firgita, suka tambaya wa zai tsira ke nan. Yesu ya ce ga mutane ba mai yiwuwa ba ne, ga Allah kuwa kome mai yiwuwa ne. Da ƙofa ce wadda raƙumi zai iya kutsawa, da ba su firgita ba. Ka ga amfanin karanta abin da ya biyo baya.

Me ya sa Matiyu ya ce Sama?

Matiyu kaɗai ne a Sabon Alkawari yake cewa Mulkin Sama, kuma ya faɗa fiye da sau 30. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne Yahudawa suna jin nauyin ambaton sunan Allah, sai su sakaya. Mu ma mun san irin wannan. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ta ce maigida, ko yaron nan, kowa kuma ya gane. A Luka 15:18 ɗan da ya lalatar da gadonsa ya shirya gaya wa mahaifinsa ya yi wa Sama laifi. Ba gajimare ya yi wa laifi ba.

Waɗansu masana sun ƙara da cewa Matiyu yana tuna littafin Daniyel ne. A Daniyel 2:44 an ce Allah na Sama zai kafa mulkin da ba zai rushe ba, daban da mulkokin sarakunan duniya. Wannan bayani yana da ƙarfi, domin Matiyu bai guji sunan Allah ba. Shi ma ya ce Mulkin Allah a 12:28, da 21:31, da 21:43.

Akwai kuma waɗanda suka raba biyun. Wani bugun Littafi Mai Tsarki na Turanci mai sharhin C. I. Scofield, wanda ya fito a 1909, ya yaɗa koyarwar cewa Mulkin Sama sarautar Almasihu ce a doron ƙasa, Mulkin Allah kuwa ya fi shi faɗi. Har yanzu akan ji wannan ra'ayi. Mai rubuta wannan darasi yana ganin Matiyu 19:23-24 ya yi wa ra'ayin nauyi. Amma ga littafi a hannunka, ka duba da kanka.

Karatu

Mutum biyu su karanta wannan, ɗaya ya zama Baba, ɗaya Malama.

Baba ya ce, "Malama, ni dai tun ina yaro na ɗauka Mulkin Sama wurin da ake zuwa ne bayan mutuwa."

Malama ta ce, "Baba, Allah ya ja da ranka, akwai ayoyin da suke maganar wannan. A Luka 23:43 Yesu ya yi wa ɓarawon nan da aka gicciye tare da shi alkawarin Firdausi. A Yahaya 14:2 ya ce akwai wurin zama da yawa a gidan Ubansa."

Baba ya ce, "To, ai kin ga."

Malama ta ce, "Amma Baba, buɗe Matiyu 13:33."

Baba ya laluba, ya samu. Ya karanta da yatsa. Ya ce, "Yisti ne a nan. Mace ta cuɗa shi da mudu uku na gari."

Malama ta ce, "Wuri yana tashi kamar ƙullu?"

Baba ya yi dariya. Ya ce, "A'a, 'yata. Wannan aiki ne da yake gudana."

Malama ta ce, "Haka ne. Mulki a nan sarauta ce. Allah ne yake sarauta."

Ya zo, ko yana zuwa?

Nan ne mai karatu yakan rikice, domin ayoyin suna faɗin duka biyu. A Matiyu 12:28 Yesu ya ce idan da Ruhun Allah yake fitar da aljanu, ashe Mulkin Allah ya zo musu. A Luka 17:20-21 Farisiyawa suka tambaye shi yaushe mulkin zai zo, ya ce ba za a nuna shi a ce ga shi nan ko ga shi can ba, yana tsakaninsu. Waɗansu sun fahimci wannan a kan cikin zuciya, waɗansu suka ce Yesu kansa yake nufi, tun da yana tsaye a gabansu. Lura da waɗanda yake yi wa magana kafin ka zaɓa.

Amma a Matiyu 6:10, cikin addu'ar da kowa a ajin nan ya haddace tun kafin ya san baƙi, ana roƙon mulkin ya zo, a yi nufin Allah a duniya kamar yadda ake yi a Sama. Ba a roƙon abin da ya riga ya cika. Matiyu 25:34 kuma ya kai gadon mulkin har ranar shari'a. Masu fassara da yawa sun haɗa su haka: mulkin ya soma da zuwan Yesu, cikarsa tana gaba. Misalin ƙwaya da na yisti sun dace da wannan.

Littafin ƙarshe, Wahayin Yahaya, wanda tsohuwar fassara ta kira Ru'ya ta Yohanna, yana da abin mamaki a 21:1-4. Yahaya ya ga sabuwar sama da sabuwar duniya, ya ga tsattsarkan birni yana saukowa daga Sama, aka ce mazaunin Allah yana tare da mutane. A nemi wanda zai karanta wurin, a tambayi aji: a nan wa ya hau, me ya sauko?

Ga malami: 'yan ajinka ba lalle su zama 'yan ikilisiya ɗaya ba. Idan musu ya taso, ka ce kowa ya nuna sura da aya. Wanda ya nemo da kansa ya ci darasin yau, ko da ba a yarda da fassararsa ba.

Rubutu

A kwafi waɗannan kalmomi sau uku uku, a kula da lanƙwasar ƙ: ƙwaya, raƙumi, ƙullu, ƙofa. A gwada su da k maras lanƙwasa: mulki, kafa, karatu.

A cike gurbi:

Matiyu ya ce Mulkin ______.
Markus ya ce Mulkin ______.
Littafin Luka yana da sura ______.

Aikin gida

Ka nemo Matiyu 4:17 da Markus 1:15. Ka rubuta abin da ya zama ɗaya a cikinsu da abin da ya bambanta. Sa'an nan ka karanta Matiyu 13:44-46, ka rubuta da kalmominka abin da mutanen nan biyu suka sayar da abin da suka saya. Layi huɗu ya isa. Yara za su iya taya ka neman shafi, amma rubutun da hannunka za ka yi.