Babi na Bakwai: Gadon Jini, Takardar Gwaji da Wasan Wake

Darasi shida ne a wannan babi. Kowa ya zo da littafinsa da fensir, da kofi biyu waɗanda ba a hango cikinsu daga waje, da farin wake ƙwaya 4 da jan wake ƙwaya 4. Mai takardar gwajin jini a gida ya zo da ita, amma ba dole ba ne ya nuna wa kowa. Kada sababbin kalmomi su tsorata ku. Ɗaya bayan ɗaya za mu bi su.

Darasi na 1: Haruffa uku

Ku rubuta waɗannan haruffa da manyan baƙaƙe: D N A. Ana karanta su "di-en-e". Ku sake rubutawa sau biyar.

Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka jikin mutum yake a gine da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu sel. A cikin kusan kowace sel akwai wani siririn zare a naɗe, shi ne DNA. A jikinsa aka rubuta yadda Allah Ya tsara halittar mutum: launin fata, irin gashi, irin jini. Zaren ƙulli 46 ne, kowane ƙulli sunansa kuromozom. Guda 23 daga uwa, guda 23 daga uba. Ku rubuta: 23 + 23 = 46.

Ku duba lissafin da kyau. Rabi da rabi ne. Maganar da ake yi cewa jinin uba ne ke yin ɗa, uwa kuwa ɗauka kawai take yi, ba ta da tushe.

A 1953 ne masana kimiyya James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar wannan zare a Ingila, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. A 2003 aka sanar da kammala babban aikin karanta rubutun, harafi wajen biliyan 3. Abin da aka gani shi ne, Bahaushe da Birom da Ibo da Bature, fiye da kashi 99 cikin 100 na rubutunsu iri ɗaya ne. Abinci ba ya sauya wa mutum wannan rubutu, nono ba ya sauya shi, ƙarin jini a asibiti ma ba ya sauya shi.

Darasi na 2: Karanta takardar gwaji

Ku shimfiɗa takardar a kan benci. Ku fara da sama: sunanka ne a jiki? Kwanan wata fa? Takardu suna cuɗewa a wurin karɓa, don haka suna ne farkon abin dubawa.

Sai ku nemi kalmomi biyu, da Turanci ake rubuta su. Ta farko Genotype, muna ce mata jinotaif, ita ce ke nuna ko mutum ya gaji sikila. Ta biyu Blood Group, wato rukunin jini. Ku ɗora yatsa a kan ta farko, ku ja shi zuwa dama har ku iske haruffa biyu. Ɗayan waɗannan za ku gani: AA, AS, AC, SS, SC ko CC. Harafi ɗaya daga uwa ne, ɗaya daga uba.

Rukunin jini kuwa O ne, ko A, ko B, ko AB, da alamar + ko − a gefe. Amfaninsa wajen ƙarin jini ne da awon ciki. Ba ya faɗin komai game da sikila. Ga alama mai sauƙi: in ka ga O, ko B, ko +, ko −, to rukunin jini kake kallo. AB haruffa biyu ne, shi ya sa yake ruɗar mutane, amma babu B a jinotaif. In waliyyin yarinya ya tambayi mai neman aure, "Yaro, mene ne jinotaif ɗinka?" shi kuma ya ce, "Baba, ni O ne," to bai ba da amsa ba, sai a mayar da shi ya duba ɗaya layin.

Wajen yin gwajin, jinin da ake ɗiba bai kai cokalin shayi ba, kuma ba sai an yi azumi ba. Amma gwajin iri biyu ne. Akwai mai arha da ake rubuta wa Sickling Test, wanda amsarsa Positive ko Negative ce kawai. Wannan ba ya bambanta AS da SS. Wanda ake so shi ne Hb Electrophoresis. Ku kwafe shi a 'yar takarda ku miƙa wa ma'aikacin, ba sai kun iya furtawa ba. Wanda aka ƙara wa jini ya jira wata 3, domin jinin da aka sa masa zai ɓata sakamakon. In maganar aure ce, a yi gwajin sau biyu a wuri biyu, ɗaya ya zama babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato. Kowa ya je da ƙafarsa, kada a aiko da takarda.

Darasi na 3: Wasan wake

Nan ne zuciyar babin, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Mu tafi a sannu.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai AA a kewaye suke kamar 'yar masa, suna da laushi, suna kwana kusan 120. Na mai SS suna lanƙwashewa kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke. Wannan shi ne sikila, ko amosanin jini. Asalinsa harafi ɗaya tak ne na rubutun DNA ya sauya a kuromozom na 11, wannan sauyin ake rubutawa S a jinotaif, A kuwa wanda bai sauya ba. Mai AS ba maras lafiya ba ne, yana ɗauke da S ne kawai. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya haka yake, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar nan.

To, farin wake shi ne A, jan wake shi ne S. Kofin dama uba, kofin hagu uwa. Dukansu AS ne, saboda haka a sa fari 1 da ja 1 a kowane kofi. Sauran waken a ajiye a aljihu.

Ka rufe ido. Ka girgiza kofin dama, ka ɗauko ƙwaya ɗaya. Ka girgiza na hagu, ka ɗauko ɗaya. Buɗe ido. Wannan ciki ɗaya ke nan. Fari da fari, rubuta AA. Fari da ja, rubuta AS. Ja da ja, rubuta SS.

Yanzu ka mayar da waken. Na dama ya koma dama, na hagu ya koma hagu. Ka leƙa, ka tabbata kowane kofi yana da fari 1 da ja 1. Sannan ka rufe ido ka sake ɗauka.

Mu maimaita: ɗauka, dubawa, rubutawa, mayarwa. Ku faɗa da baki. Ɗauka, dubawa, rubutawa, mayarwa. Wanda ya manta bai yi laifi ba, kusan kowa yana mantawa a karon farko, domin hannu ya saba in ya ɗauki abu ya ajiye gefe. Ya soke layin da ya rubuta, ya mayar, ya sake.

Me ya sa muke nanata mayarwa? Domin uba ba ya rabuwa da S ɗinsa don ya ba wa ɗan fari. Kwafi ya bayar, na ainihi yana nan a jikinsa. Uwa ma haka. Ku gwada ku gani: in ka ɗauko ja da ja ka ajiye su a kan benci, fari da fari ne suka rage a kofi, dole ɗauka ta biyu ta fito AA. Wasan ya yi maka ƙarya ke nan. Kuma ita ce ƙaryar da ke yawo a gidajenmu, inda ake ce wa mace, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan, wannan ya riga ya kwashe ciwon, uku masu zuwa lafiya lau." Ba a kwashe shi. Jan waken ya koma kofi.

Kowa ya yi ɗauka 20. Bayan kowace ɗauka, mayarwa. A zauna biyu-biyu, ɗaya yana ɗauka, ɗaya aikinsa kawai ya ce "Mayar!" Wani zai samu SS sau 3, wani sau 8, wani zai samu biyu a jere. Duk daidai ne. In mutum 20 ne a aji, a haɗa lissafin a allo, ɗauka 400 ke nan. Za ku ga SS ya zo kusa da 100, AA kusa da 100, AS kusa da 200. Abin da likita ke nufi ke nan da "ɗaya cikin huɗu". A kowane ciki ne, ba a cikin kowane 'ya'ya huɗu ba. Gida mai 'ya'ya huɗu zai iya tsira baki ɗaya, hakan na faruwa kusan sau 32 cikin 100. A sauran 68 ɗin akwai aƙalla yaro ɗaya mai SS, wani gidan biyu, wani uku.

Ku duba kofinku yanzu. Fari 1, ja 1? Madalla. In ba haka ba, ku mayar.

Sai mu sauya iyayen. Uba AA, uwa AS: fari 2 a dama, fari 1 da ja 1 a hagu. Ku yi ɗauka 10, kuna mayarwa. SS ba zai fito ba ko sau ɗaya. Uba AA, uwa SS: duk 'ya'yan AS ne, shi ya sa mai sikila ba ta rasa mijin aure ba. AS da SS kuwa, rabi AS rabi SS ne a kowane ciki. Harafin C ma ba abin rainawa ba ne: AS da AC suna iya haifar SC, shi ma sikila ne.

Haba jama'a! Har yanzu akwai masu tara wake a kan benci kamar za su kai kasuwar Faringada. An faɗa, an maimaita, an sa muku mai tuni a gefe. Wannan ba wasan yara ba ne, ranar da za ku zauna kan maganar auren 'ya'yanku wannan lissafin za ku buƙata. Wanda kofinsa ya zama wayam ya fara daga layi na ɗaya. Haka kuma masu cewa wani jiƙo ko rubutu yana mayar da AS ya koma AA, ku bar wannan magana. In takarda biyu sun saɓa, ɗaya daga cikin gwajin ne ya yi kuskure, a yi na uku. Kuma S sai ya zo ta ɓangare biyu kafin yaro ya zama SS, to a kan me ake korar uwa ita kaɗai?

Abu ɗaya a taƙaice: a 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu. Wannan ba ya hana su kwana a gidan sauro.

Darasi na 4: Yaro mai SS

Jariri yakan fito lafiya lau. Wajen wata 5 zuwa 6 alamu ke farawa: kumburin hannu da ƙafa, kuka ba dalili, ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi fari. Ba maita ba ce, ba ɗan wabi ba ne, kuma ba a ɗauka ta cin abinci tare.

Sanyi yana tayar da ciwon, kun kuwa san hunturun Jos a Disamba da Janairu. Rigar sanyi, safa, hula, wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta fito. Ya riƙa shan ruwa da yawa. Folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi yadda likita ya rubuta. Akwai Hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon, amma sai da likita da awon jini. Zafin jiki ya kai 38, asibiti a ranar, ko da dare ne. Ban da tsaga, ban da ɗora ƙanƙara. Masu sikila suna girma, suna karatu, suna aure, a daina yanke musu shekaru.

Dashen ɓargo yana warkarwa in an sami mai bayarwa da ya dace. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara DNA, sai dai a lokacin kuɗinsa ya haura dala miliyan 2.

Darasi na 5: Mace ko namiji

Ku rubuta X da Y, su ne kuromozom ɗin da ke raba mace da namiji. Mace XX ce, namiji XY. Uwa X kawai take bayarwa. Uba ne ke ba da X ko Y. In ya ba da X, mace. In ya ba da Y, namiji. Ku gwada da wake, fari X, ja Y: fari 2 a kofin uwa, fari 1 da ja 1 a kofin uba, kuna mayarwa. Mai 'ya'ya mata biyar ba laifinta ba ne.

Zabiya ma gado ne daga uwa da uba duka, ko da su biyun baƙaƙe ne.

Darasi na 6: Gwajin uba

Kama da wane ba ta wane. Kama ba ta tabbatar da uba, jinotaif da rukunin jini ma haka. Gwajin DNA daban yake, da auduga ake goge cikin kumatun yaro da na mutumin.

Aikin gida: kwafi AA, AS, AC, SS, SC, CC sau uku. Yi ɗauka 20 da wani a gida. A zo da littafin ranar Asabar.